Wurno: Inda Sarkin Musulmi Ya Kai Shimfiɗarsa Bakin Daga

Ka tari direban babbar mota a tashar kayan gwari ka tambaye shi abin da ya sani game da Wurno, kafin ka rufe baki zai ce maka tafarnuwa da albasa. Ka tambayi malamin zaure, shi kuma ya ce ai can ne hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, Allah ya ƙara masa yarda. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Amma da wuya ɗayansu ya gaya maka cewa shekaru da dama a ƙarni na 19, daga wannan ɗan gari ne manzanni ke fita da takardu zuwa Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa, kuma nan sarakuna masu tuta ke turo gaisuwa, dawaki da tufafi da bayi. Sakkwato ita ce birni, ita ke da hubbaren Shehu da babbar kasuwa, sai dai sau da yawa baƙon da ya zo neman Sarkin Musulmi a can akan ce masa ya ƙara gaba, yana Wurno.

Garin yana arewa maso gabas da Sakkwato, ta hanyar Achida. A da tafiyar yini ce, yau kuwa mota ba ta cika awa guda ba in hanya na da kyau. Yana zaune bisa tudu mai duwatsu, ƙarƙashinsa fadamar gulbin Rima ta shimfiɗu iya ganin ido. Wanda ya tsaya a gefen tudun da rani, ya ga kore shar a ƙasa alhali bayansa jar ƙasa ce da ƙaya, nan take zai gane cewa wanda ya zaɓi wurin nan ya san yaƙi kuma ya san noma. Daga sama kana hango ƙurar mahara tun suna nesa, a ƙasa kuma ga ruwan da zai shayar da doki ya ciyar da mahayinsa.

Me ya fitar da Bello daga Sakkwato, garin da shi da kansa ya kafa a 1809? Tsaro ne. Mun saba jin labarin jihadi a gajarce: an yi hijira zuwa Gudu a 1804, an yi Tabkin Kwatto, an ci Alkalawa a 1808, Yunfa ya faɗi, shi ke nan sai a rufe littafi kamar daga nan kowa ya koma gida ya miƙe ƙafa. Ba haka aka yi ba. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, Bello ya karɓi ragama ƙasa na girgiza. Abdussalami, wanda yake cikin almajiran Shehu na farko, ya ɗaga kai a Kware, tafiya kaɗan daga ƙofar Sakkwato, sai da aka kewaye garin, ya fita da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Wasu garuruwan Zamfara suka janye mubaya'a. Gobirawa da aka kora daga Alkalawa suka sake haɗa kai a arewa. Katsinawan da suka ƙi bin Ummarun Dallaje suka kafa sabuwar sarauta a Maraɗi. Ga Kabawa ta yamma, ga wasu daga cikin Azbinawa da yau suna tare da kai gobe suna tare da abokin gabarka.

Yaƙin da waɗannan ke yi ba irin na fito-na-fito ba ne kullum. Hari ne. A faɗo wa ƙauye da asuba, a kore shanu, a kama mata da yara, a ƙona rumbuna, kafin labari ya kai birni an shige daji. Daular kuwa ba ta da sojan da ke zaune a bariki yana jiran albashi. Mayaƙanta manoma ne da makiyaya da malamai, sai an girbe amfanin gona ake gayyar su, ruwa na sauka kowa hankalinsa ya koma gona. Ko ka ci nasara a fagen fama, ranar da rundunarka ta watse maharan sun dawo.

Bello malami ne kafin ya zama sarki, don haka littattafai ya koma. Ya karanta yadda musulmin farko suka tsare iyakokinsu da ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, mutane su zauna ciki da iyalansu dindindin. Ya yi rubutu a kan haka, yana da wani ɗan littafi mai suna Ar-Ribaɗ wal-Hirasa, sannan ya shiga aiki. A 1827 Baturen nan Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a wannan shekarar, ya riske shi a Magariya yana gina gari a kwarin Rima. Wajen 1830 ya tsayar da shawara a kan tudun Wurno, ya kewaye shi da ganuwa, ya tare.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne su wa ya tura waɗannan garuruwa na haɗari. Ba barori ya tura ba, ba kuma waɗanda yake son rabuwa da su ba. Ƙaninsa Isa, autan Shehu, aka ba Kware, shi ya sa har yau ake ce masa Isan Kware. Ɗansa Aliyu ya zauna a Shinaka, wani ɗan nasa Fodiyo a Lajinge. Daga baya aka samu Raba da Chimola da garin Isa da sauransu, kowanne da ɗan gidan Shehu a ciki. Shi kansa kuma ya ɗauki wanda ke fuskantar Gobir. Ya yi irin abin da mai gonar gero kan yi, ya kai bukkarsa gefen da birai ke shigowa. In aka buga gangar yaƙi cikin dare, matan Sarkin Musulmi da 'ya'yansa na cikin waɗanda za su farka a firgice. Shugaban da iyalinsa ke kwana a irin wannan wuri ba sai an rubuto masa rahoto kan halin tsaro ba.

Ganuwa kaɗai ba ta yin gari, wannan ma ya sani. A cikin nasihar da ya rubuta wa Ummarun Dallaje Sarkin Katsina, wadda aka fi sani da Usulus Siyasa, ya lissafa masa masu sana'ar da bai kamata a rasa a kowane gari ba, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya hore shi da ya sa a noma abinci a kuma adana, a gina garuruwa masu ganuwa, a kula da kasuwanni da hanyoyi. Duk wanda ya karanta wannan nasiha ya dubi yadda aka tsara ribaɗi zai ga abu ɗaya ne. A kawo maƙeri don garma da mashi, a kawo masaƙi da marini, a ɗora liman, a ɗora alƙali, a buɗe makaranta. Mutum ya samu abin da zai ci da abin da zai kare, sai ya tsaya.

Sai kuma batun makiyaya, wanda a ganina shi ne gefen tunaninsa da muka fi sakaci da shi. Bello Bafulatani ne, ya san mutanensa. Ya lura cewa mai bin shanu daji-daji ba ya samun jam'i, ɗansa ba ya zama gaban malami, alƙali ba ya isa gare shi, kuma in aka neme shi ranar gayya yana can wani kwari. Sai ya dinga jawo Fulanin da ke kiwo a yankin su zauna kusa da garuruwa, ana ba su wuri, ana tura musu malamai, ana kwaɗaita musu kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki maimakon tara garken shanun da sai an yi nisa da shi kafin ya ƙoshi. Irin wannan shawara ya aika wa Muhammadu Jailani, jagoran Azbinawa a ƙasar Adar, game da nasa mutanen.  

Gwajin tsarin ya zo a 1836. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da wani ɓangare na Azbinawa suka haɗa ƙarfi. Bello ya tara runduna ya bi su can arewa, aka gwabza a Gawakuke, Ali da Rauda duka suka kwanta dama. Cikin waɗanda ke tare da Bello a waɗannan shekaru akwai Alhaji Umaru Futi, wanda ya yada zango a wurinsa kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya auri 'yarsa, daga baya ya koma yamma ya kafa tasa daular a ƙasashen da yau suke Gini da Mali da Senegal. Shekara guda bayan Gawakuke ciwo ya kwantar da Bello. Bai ce a mayar da shi birni kusa da mahaifinsa ba. Ya cika a Wurno a watan Oktoban 1837 yana da kimanin shekara 56, aka yi masa sutura a nan, a matsayin mai zaman ribaɗi. Sarauta kuma ba ta faɗa hannun ɗansa ba a lokacin, ƙaninsa Abubakar Atiku aka yi wa mubaya'a.

Gobirawa dai ba su ƙare ba. Sun sake tsayawa a Tsibiri, kusa da Maraɗi, kuma a dawowa daga yaƙin Tsibiri ne Atiku ya rasu a 1842. Sai Aliyu Babba ɗan Bello ya hau, ya mai da Wurno mazauninsa har rasuwarsa a 1859. A zamaninsa ne muka samu bayanin garin daga idon baƙo, wato Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim.

Yadda Barth ya iso Wurno a 1853 abin tsayawa ne a duba. Daga Katsina ya taso, ya ratsa Zamfara, ya iso bakin dajin Gundumi. Saboda tsoron harin Gobirawa ayarin bai isa ya yada zango a cikin dajin ba, haka suka yi tafiyar awa 26 ba tsayawa, mutane na tangaɗi don barci, dabbobi na durƙushewa don ƙishi. Da suka fito sai suka tarar da Sarkin Musulmi ba ya gida, yana sansani a Gawasu yana shirin fita yaƙi. Ya karɓi baƙon da fara'a, ya amince masa da takardar aminci, ya ce ya je Wurno ya jira shi. Barth ya yi fiye da wata guda a garin, ya sake biyowa ta nan a 1854 da ya dawo daga Tambutu. Ya ƙiyasta mutanen ciki dubu goma sha wani abu. Bai yabi tsabtar garin ba, ya ga gidaje a cunkushe, ya kuma lura kasuwar Sakkwato ta fi tasu cika nesa ba kusa ba. Mai karatu na iya jin haushin Bature, amma ni shaidarsa ta yi mini amfani: ta nuna mazaunin mai mulkin daula mafi girma a wannan sashe na Afirka ba wani gidan alfarma ba ne. Sansani ne da ya zama gari, inda ake kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Akwai gefen labarin da masu yabo kan tsallake, bai kuwa kamata a tsallake ba. Ribaɗi na buƙatar hannaye, kuma da yawa daga hannayen da suka kwaɓa ƙasar ganuwa suka nome gandaye na bayi ne, waɗanda aka kamo a yaƙi ko aka aiko cikin gaisuwa daga kudancin daula. Jikokinsu na nan cikin mutanen waɗannan garuruwa, an cuɗanya an zama ɗaya, sai dai ba a ambaton kakanninsu ranar taron tarihi. Haka kuma in ka je Tsibiri ka zauna da dattawan Gobir, za ka ji wani labarin daban. A wurinsu Wurno sansanin waɗanda suka raba su da Alkalawa ne, harin da kakanninsu ke kaiwa kuma ƙoƙarin karɓar gida ne. Ba sai mutum ya bar ra'ayinsa ba kafin ya saurari wannan. Abin lura ma, sassaucin da aka samu ta wannan ɓangare ya zo ne lokacin da wani reshe na Gobirawa ƙarƙashin Ɗan Halima ya daidaita da Sakkwato aka bar su suka kafa Sabon Birni. Nan ma gari aka ba mutane su zauna.

A Wurno ne kuma aka sa hannu kan takardar da ta zama tsani ga Turawa. A 1885, daidai lokacin da ƙasashen Turai suka gama zaman Berlin, wani ɗan Sikotlan mai suna Joseph Thomson ya iso da kyaututtuka a madadin kamfanin Ingila da daga baya ya zama Royal Niger Company. Ya gana da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. A fahimtar fada, izinin ciniki aka ba baƙi, kamar yadda ake ba kowane ayari. A Turai kuwa sai aka riƙa ɗaga takardar ana nuna wa Faransa da Jamus cewa ƙasar ta riga ta shiga hannu. Bayan Umaru sai Abdurrahman, wanda zafinsa ya sa ake masa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Shi ne ya dage a 1893 sai an naɗa Tukur a Kano duk da rinjayen 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi, abin da ya haifar da basasar da ta ci rayuka masu yawa ta kuma raunana daular ana dab da zuwan Nasara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zama a bakin daga bai hana sarki yanke hukuncin son rai ba, wannan ma yana cikin tarihin garin. Abdurrahman ya rasu a Oktoban 1902, a ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas har ya yi shahada a Burmi.

Daga nan aikin Wurno ya ƙare a idon masu mulki. Turawa suna son Sarkin Musulmi kusa da Razdan, sai fada ta tabbata a Sakkwato. Da aka ja iyaka, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, abokin gabar da aka gina garin dominsa ya koma wata ƙasa. Aka daina gayyar gyaran ganuwa bayan kaka, damina ta riƙa cin rabonta, masu gini na ɗibar nasu. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙaraso wannan kwari ba, don haka arzikin gyaɗa da auduga ya bi ta wani wuri. Wurno ta koma gunduma mai hakimi, Sarkin Sudan, sarautar da marigayi Alhaji Shehu Malami, tsohon jakadan Najeriya a Afirka ta Kudu, ya riƙe ya kuma fitar da sunanta. Yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato.

Alkalawa ta zama kufai, Surame ta zama kufai, me ya hana Wurno bin sahunsu? Fadama ce. Rabin hikimar wanda ya zaɓi wurin ta daina aiki, ɗaya rabin na nan tana ciyar da mutane. Ka sauka kwarin lokacin da sanyi ya fara shigowa ka ga aiki. An ja fangali layi-layi, magidanci ya duƙa yana cusa ƙwayar tafarnuwa ɗaya bayan ɗaya, tsinin yana kallon sama, yara na biye suna ɓare kawuna cikin ƙwarya. A da jigo ake ja tun asuba har kafaɗa ta yi tsami, yanzu ƙaramin inji ke tatata a bakin rijiya, mai gona na bin ruwa da fartanya, ya buɗe wa wannan fangali ya toshe wancan da ɗan dunƙulen laka. Hannu ya daskare, ƙafa ta tsage da faso. Bayan wata huɗu ko kusa da haka ganye ya kwanta, a tuge, a shanya, warin ya cika gari har cikin tufafin da ke ƙasan adaka. Ga albasa, ga alkama, ga shinkafa a inda ruwa ke kwanciya, ga aikin noman rani na gwamnati da aka tsara kan ruwan madatsar Lugu.

Sai dai manomin nan ba shi ke cin daɗin wahalarsa ba. Lokacin girbi kowa ya fito da kaya, farashi ya faɗi, ga bashin taki da na man inji na jiran sa, dole ya sayar. Mai kuɗi ya saya ya jibge, ya jira damina ta yi nisa ya ninka. Wanda ya daure ya zuba albasarsa a rudu yana juya ta yana tsince ruɓaɓɓu, in zafi ya yi yawa wani kaso mai tsoka ya tafi a banza. Ruwan ma ba kullum yake aboki ba. Madatsar Goronyo da ke sama da su tana tare ruwa don rani, amma mutanen kwarin ba su manta ambaliyar 2010 ba, da ta share gonaki da gidaje ta raba dubban mutane da muhallinsu. Wanda ya ce a tanadi abinci a kula da kasuwanni da hanyoyi kusan shekara 200 da suka wuce, da zai leƙo ya ga buhunan albasa na zubar da ruwa a bakin titi, da ya tambayi ina masu riƙe da amanar jama'a.

Hubbaren kuwa bai rasa baƙi. Suna zuwa daga Sakkwato da Zamfara da Kabi, daga Nijar, daga nesa ma. Za ka ga ayarin tsofaffin mata da 'yan ƙullin hatsi da goro na sadaka, al'adar da ke da jijiya tun zamanin Nana Asma'u, ƙanwar Bello, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta tsara karatun matan karkara ta hanyar jajis da 'yan taru. A tuɓe takalmi a ƙofa, a shiga da sallama, a yi addu'a, a ba masu tsaron wuri abin da ya sawwaƙa. Malamai sun daɗe suna ja-in-ja kan abin da ya halatta da wanda ya wuce gona da iri a irin wannan ziyara, kuma wannan fagensu ne, ban shiga ba. Abin da ke damuna daban ne. Mafi yawan masu zuwa sun san sun ziyarci waliyyi ɗan waliyyi, amma kaɗan ne ke fita da sanin dalilin da ya sa kabarin yake nan ba a birni ba. Sun san mai karama, ba su san mai tsara gari ba, ba su san marubucin Infaƙul Maisur ba, balle mutumin da ya zauna ya yi rubutu kan maganin ciwon ido da na basir saboda talakawansa na fama da su.

Ga shi kuma zamani ya juyo da mu inda aka fito. Dajin Gundumi da Barth ya ratsa a guje, yau ma sunansa kawai ya isa ya sa direba ya sake hanya. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni a ƙaramar hukumar Raba suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi, wadda ita ma tsohuwar ribaɗi ce. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. Isa da Sabon Birni kuwa labarinsu ya ishi kowa. Salon bai sake ba: a faɗo da asuba ko da dare, a kore dabbobi, a kama mutane, a shige daji. Babur ne ya maye gurbin doki, kuɗin fansa ya maye gurbin kasuwar bayi. Wani abin baƙin cikin, da mai harin da wanda aka kai wa duk suna salla, kuma da yawa cikin yaran da ke riƙe da bindigar jikokin makiyayan nan ne da Bello ya ce a zaunar a karantar.

An yi dokar keɓe filayen kiwo a Jihar Arewa a 1965, an kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989, duk a rubuce abin gwanin kyau. A ƙasa kuwa an nome burtali, an yanka filayen kiwo an raba wa masu hali, ɗan Fulani ya tashi bai san aji ba, bai san asibiti ba, hukuma kuma ba ya ganinta sai ranar da aka zo kama shi ko cin tararsa. Wannan ba uzuri ba ne ga mai kisa, wanda ya zubar da jini ya cancanci hukunci. Amma gyaran da aka ƙi yi da alli da allura, ga shi ana neman yin sa da jirgin yaƙi.

Ba ina cewa a koma kwaɓa ƙasa a ɗaga ganuwa ba, ganuwar laka ba ta tare harsashin zamani. Abin da ke cikin tsarin Wurno wanda bai tsufa ba shi ne zaman shugaba tare da waɗanda yake shugabanta. A faɗin Arewa yau, ƙananan hukumomi nawa ne shugabanninsu ke kwana a cikinsu? Da yawa gidajensu na babban birnin jiha, 'ya'yansu na karatu can, sai ƙarshen wata a shigo da jiniya a fita kafin la'asar. Akwai hakiman da sai da salla talakawansu ke ganinsu, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibitin da sunansu ne kawai ke ƙauye. Kowa na da hujja, wai babu tsaro. To ai rashin tsaron ne ya kai Bello can. Ranar da matar ciyaman za ta riƙa awo a asibitin garin, ɗansa na zaune a firamaren garin, za a ga yadda ake samo kuɗin gyaran rufi da na man motar sintiri cikin mako guda.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati. Tsofaffin da suka san inda kowace ƙofar gari take, da sunan kowace unguwa da asalin mutanenta, da gidan da ake rini da wanda ake ƙira, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace wayar hannu a yau tana ɗaukar murya. Marigayi Waziri Junaidu ya kwashe rayuwarsa yana tattara takardun daular, a ɗakin karatunsa ne Baturen nan Murray Last ya zauna kafin ya fitar da littafinsa na tarihin daular a 1967. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba su fi tafiyar awa guda daga Wurno ba. Su sauka kwarin da rani su zauna da dattawa, har da jikokin waɗanda suka gina ganuwar, su ƙetara Tsibiri su ɗauko na can. Ɗan littafin Bello kan ribaɗi da nasiharsa ga Ummarun Dallaje kuwa ba su da tsawo. A fitar da su da Hausa mai sauƙi, boko da ajami, a sayar a ƙofar hubbare a kan kuɗin da bai fi na mudun tafarnuwa ba, a kuma kai wa kowane sabon ciyaman da hakimi a gabashin Sakkwato kwafinsa ranar rantsuwa.